Ga Mai Jin Faransanci A Maƙwabta, Me Ya Hana Mu Gayyato Shi?

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu waɗanda wannan mujalla za ta isa hannunsu, ina so in jawo hankalinku ga wani aiki wanda makarantun ƙasashen Turai suka daɗe da sabawa da shi, amma mu nan ko sunansa ba mu cika ji ba. Aikin kuwa shi ne na mataimakin malamin harshe. Ra'ayina shi ne makarantarmu tana bukatar irin wannan mutum a darasin Faransanci, kuma ba sai an ƙetare teku kafin a samo shi ba. Amma bari in fara bayyana ko wane ne shi, da abin da yakan tarar ranar da ya kama aiki, don kada a ce ina tallar hajar da ban kwance ba.

Tun cikin shekarar 1905 ƙasar Faransa ta shiga musayar matasa da Ingila, da kuma wani yanki na ƙasar Jamus ta yanzu. Faransa ta aika da nata samari da 'yan mata su taimaka wajen koyar da Faransanci a makarantun can, su kuma su aiko mata da nasu su taimaka da Turanci ko Jamusanci. Yau shekara fiye da 120 ke nan, kuma har yanzu ana yi, ƙasashe da yawa ma sun shigo ciki. A Faransa wata hukuma ce mai suna France Éducation international take kula da shirin, a Birtaniya kuwa British Council. Wanda ake ɗauka ba ƙwararren malami ba ne. Galibi ɗalibin jami'a ne da ya gama aƙalla shekara biyu yana karatu, mai shekara 20 zuwa 35 da haihuwa. Yakan kama aiki wajen watan Oktoba, ya yi wata bakwai ko takwas, yana aikin kimanin sa'a 12 a mako, ana ba shi ɗan abin da zai biya haya ya ci abinci.

Aikinsa guda ne, watau ya sa yara su buɗe baki su yi magana. Ba a ɗora masa tsara manhaja, ba shi ke ba da sakamakon jarrabawa ba, horon masu laifi ma ba nasa ba ne. Duk waɗannan suna wuyan malamin aji. Shi dai malami yakan ware masa yara kaɗan, shida ko takwas, ya koma gefe da su su yi taɗi da Faransanci a kan kasuwa, ko ƙwallo, ko abin da suka ci da safe. In wannan rukuni ya gama, wani ya zo.

Wani zai ce ai wannan ba aiki ba ne, hira ce ake biyan mutum ya yi. To, mu ɗauka ga wata yarinya 'yar shekara 21 daga birnin Liyon, an tura ta wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, mu bi ta mu gani. Kafin ta bar gida sai ta nemi biza, domin tun farkon 2021, bayan Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, Bafaranshe ba ya shiga can ya kama aiki haka kawai kamar da. Sai ta kawo takardar shaida cewa ba a taɓa kama ta da laifin da zai hana a bar ta da yara ba. Sai ta nemi ɗakin haya a garin da ba ta san kowa ba, ta kuma biya kuɗin wata na farko tun kafin ta ga albashi. In ta yi sa'a, makarantar ta haɗa ta da wani malami wanda zai zame mata jagora. A makon farko akan so ta zauna a bayan aji ta yi kallo, ta ga yadda ake tafiyar da darasi, ta gane iyakar abin da yaran suka sani.

Sa'an nan ranar da aka miƙa mata rukuninta na farko, sai ta gamu da babban abokin gaban wannan aiki, watau shiru. Ta yi gaisuwa, a amsa mata ciki-ciki. Ta yi tambaya, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Yaran nan kuwa sun shekara uku ko huɗu suna karanta Faransanci, sun cika littattafai da rubutu, amma ba su taɓa jin sa daga bakin mai shi ba. A nan take gane cewa iya harshe daban, iya ba da shi daban. Dole ta koyi rage saurin maganarta ba tare da ta mai da su jarirai ba. Dole ta koyi haƙurin jira, ta bar yaro ya yi ta lalube har ya kamo kalmar da kansa, ko da tana kan harshenta. Dole ta san kuskuren da za ta gyara nan take da wanda za ta kau da kai a kansa, domin in ka tare mutum sau uku cikin jimla ɗaya, ba ya ƙara buɗe baki. Shi ya sa akan shawarci masu zuwa wannan aiki su taho da tarkace daga gida, kamar taswirar garinsu, da hotunan 'yan'uwa, da tikitin jirgin ƙasa, da takardar jerin abincin wani gidan cin abinci. Abin da yaro ya riƙe a hannu ya fi saurin zaro masa magana bisa ga tambayar da aka rubuta a allo.

Akwai wata wahalar kuma wadda ba ta cikin aji. Ita ba malama ba, ita ba ɗaliba ba. Manyan 'yan aji ba ta girme su da fiye da shekara uku ko huɗu ba, in ta sake musu da yawa su raina ta, in ta ɗaure fuska su ƙi magana, magana kuwa ita ce aikin. A ɗakin malamai kowa na fama da nasa, mai yiwuwa a wuni ba wanda ya tanka mata. Ga shi a watan Disamba a can kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Sa'a 12 ce aikinta, sauran makon duka nata ne, sai ta san yadda za ta yi da shi. Wadda ta shiga mutane takan koma gida da Turanci a bakinta kamar ruwa, wadda ta kulle kanta a ɗaki kuwa takan koma da kewar gida kawai.

Me ya sa makarantun Ingila suke fitar da kuɗinsu a kan wannan? Dalili ɗaya shi ne a jarrabawar da yaransu ke yi suna da shekara 16, magana da baki tana ɗauke da kashi 25 cikin 100 na makin Faransanci. Mu ma a jarrabawar WAEC akwai ɓangaren da ake gwada ɗalibi da baka, ya saurara, ya karanta, ya amsa. Nan ne maganar ta dawo kanmu.

Mu yi ɗan lissafi. A ajinmu mun kai 60, darasi kuma minti 40 ne. Da malam zai shigo ya kame bakinsa, ko gaisuwa kada ya yi, ya raba lokacin nan daidai a tsakaninmu, kowa zai sami daƙiƙa 40. Alhali kuwa dole ya kira suna, ya yi bayani, ya yi rubutu a allo, ya tsawata wa na baya. Gaskiyar magana ita ce da yawanmu mukan yi zango guda ba mu furta jimla ɗaya cikakkiya da Faransanci mu kaɗai ba, sai dai amshi na taro, wanda kowa ke ɓuya a bayan muryar ɗan'uwansa. Amma in aka ware mutum takwas aka ba su minti 40 ɗin nan, kowa zai sami minti biyar. Ba laifin malaminmu nake gani ba, ko kusa. Yana iyakar ƙoƙarinsa, ya kuma san aikinsa. Hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka. Mun iya jera sauye-sauyen aikatau kamar karatun allo, amma a sa ɗayanmu ya tambayi kuɗin mota zuwa Damagaram, sai gumi.

Hukuma kanta ta san da wannan. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba da sanarwar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, aka kuma rubuta haka cikin manufar ilmi ta ƙasa, har da bugun 2004. Tun kafin nan, a 1991, an kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri ta Jihar Legas, inda ake kai ɗaliban jami'a masu karanta harshen su zauna su yi ta jin sa suna yin sa dare da rana. Watau dai an yarda cewa harshe ba ya zama a baki sai da abokin magana. To, in ɗalibin jami'a yana bukatar haka, ina ga ɗan sakandare? Ba za a kwashe mu a kai Badagiri ba, amma ana iya kawo mana mutum ɗaya.

Ba kuma daga Faris nake nufi ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Duk ƙasashe huɗun da muka haɗa iyaka da su ta ƙasa, watau Nijar da Binin da Cadi da Kamaru, ana aiki da Faransanci a cikinsu. Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500. Daga Katsina in ka bi ta Jibiya sai Maraɗi, daga Sakkwato in ka bi ta Illela sai Birnin Ƙonni, daga Daura in ka bi ta Kwangwalam sai Matamai har Damagaram. A Maraɗi akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, a Damagaram akwai ta André Salifou, a Tawa akwai ta Djibo Hamani, ban da ta Abdou Moumouni da ke Yamai. Ɗaliban waɗannan jami'o'i da Faransanci suka yi karatu tun daga firamare. Kuma ba baƙi ba ne a gare mu. Sarautar Maraɗi ma daga Katsina ta tashi bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har yau kuwa Sarkin Katsina ake kiran mai riƙe da ita. Da wuya ka sami aji a makarantar nan wanda babu mai kawu ko gwaggo a ƙetaren iyaka. Matashin da zai zo mana daga can ba zai sha irin wahalar waccan yarinya ta Liyon ba. Tuwon da ya bari shi zai tarar, kiran sallar da ya saba ji shi zai ji.

Na san akwai masu ja, kuma wasu daga cikin hujjojinsu suna da nauyi. Wani zai ce ai Nijar ɗin ma ta juya wa Faransanci baya. Gaskiya ne cewa a watan Maris na 2025 ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma sabon kundin da aka fitar a wannan shekara ya mai da Hausa harshen ƙasa, abin da ya faranta wa kowane Bahaushe rai. Amma kundin nan bai kori Faransanci ba, ya ajiye shi tare da Turanci a matsayin harsunan aiki. Rigimar gwamnati da gwamnati daban, harshen da ke kan takardar kwastan da takardar likita daban. Kuma ko da Nijar za ta bar shi gobe, Kwatano da Yawunde da Njamena da Abijan da Dakar da Kinshasa suna nan. Ƙididdigar da ƙungiyar nan ta fitar a 2022 ta nuna masu jin Faransanci a duniya sun kai miliyan 321, kuma mafi yawan masu amfani da shi yau da kullum a Afirka suke. Ɗan kasuwar Kano da ke sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ba don son Faransa yake neman tafinta ba.

Wani kuma zai ce Faransancin ɗan Maraɗi ba irin na Faris ba ne. Na ji. Turancin da muke rubuta jarrabawa da shi ma ba daga bakin mutanen Landan muka koye shi ba, kuma ana fahimtarmu. Wanda za mu yi ciniki da shi nan gaba, ko mu zauna taro da shi, ya fi kusa da ya zama ɗan Yamai bisa ga ya zama ɗan Faris.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta uku, kuma ban ji kowa ya faɗe ta ba sai da na zauna na yi tunani. Abin da ya sa ɗan Nijar zai ji daɗin zama da mu, shi ne kuma zai iya ɓata aikin. Yana jin Hausa, muna jin Hausa. Da zarar magana ta cije, ɗaya daga cikinmu zai ce, "Malam, don Allah faɗa mana da Hausa," shi kuma don tausayi sai ya faɗa. Yau kalma ɗaya, gobe jimla, kafin wata ya ƙare rukunin ya koma majalisar hira a kan kokawa da farashin gero. A Turai ma akan gargaɗi mataimaki kada ya riƙa komawa harshen yaran, wasu har sukan yi kamar ba sa jin sa. Namu ba zai iya wannan dabara ba, domin daga sallamarsa za mu gane shi. Saboda haka sai an kafa doka tun ranar farko, a gaban shugaban makaranta, cewa minti 40 ɗin nan Faransanci ne zalla, in kalma ta gagara a nuna da hannu ko a zana. In an kaɗa ƙararrawa, a yi Hausa har a gaji. A wajen aji kuwa Hausar tasa riba ce. Shi ne zai nuna mana cewa lakwal da mushe da jandarma da lokotoro, waɗanda muke ji a bakin 'yan'uwanmu na can muna dariya, kalmomin Faransanci ne da suka sa riga da hula, kamar yadda tebur da mota da asibiti suka shigo mana daga Turanci. Yaron da ya gano ya riga ya san kalma ashirin tun bai shiga aji ba, tsoronsa ya ragu.

Ga iyayenmu masu fargabar cewa baƙon malami zai kawo baƙuwar ɗabi'a, ina ganin wannan shawara ta fi kowace kwantar da hankali. Ɗan maƙwabta ne, ana iya bincika asalinsa, a san gidansu, jami'arsa ta tsaya masa. A ɓangaren 'yan mata a nemo mace. Kuma a ƙarƙashin malamin aji zai yi aiki, a wurin da kowa ke gani.

Maganar kuɗi da takardu ita ce mai wuya, ba zan ɓoye ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, abin da makaranta irin tamu za ta iya ba mutum, in ya canza shi zuwa sefa, ba zai taka kara ya karya ba. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, sa'an nan a Janairun 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Ga kuma matsalar tsaro a wasu hanyoyin. Duk wannan yana nufin ba abin da za a yi a ɓoye ba ne, sai an bi ta Ma'aikatar Ilmi da hukumar shige da fice. Amma hanyar tana nan. Tun 1971 ƙasashen biyu suke da hukumar haɗin gwiwa mai hedikwata a Yamai. Game da lada kuwa, ko a Turai ba kuɗi ke kai matasa wannan aiki ba. Abin da ke kai su shi ne su koyi harshen masu masauki. Ɗalibin Nijar yana son Turanci kamar yadda muke son Faransanci, balle yanzu da ya zama harshen aiki a ƙasarsu. A ba shi ɗaki da abinci da ɗan kuɗin sabulu, a bar shi ya riƙa zama a darasin Turanci na manyan azuzuwa, a ba shi takardar shaida in ya gama. In abin ya kankama, mu ma wata rana a aika da namu can su taimaka da Turanci. Ba sabon abu ba ne gare mu. Tun 1973 muke karɓar 'yan bautar ƙasa daga jihohi masu nisa, tun 1987 kuma Nijeriya take tura malamai da likitoci wasu ƙasashe su yi aikin taimako.

Da na ambaci 'yan bautar ƙasa, sai na tuna da wani abu da ya shafe mu mu ɗalibai. Mun san yadda wasunmu ke yi wa sabon malami matashi. A laƙaba masa suna tun bai ajiye jaka ba, a riƙa kwaikwayon maganarsa, a gwada shi a ga iyakar haƙurinsa. In haka za mu yi wa wannan, gara kada a ɗauko shi. Ba shi da bulala, ba shi da jan biro, ba abin da yake da shi sai yardarmu. In muka yi masa shiru, ko muka mai da shi abin dariya don Hausarsa ta sha bamban da tamu, wata bakwai zai yi yana magana da bango, ya koma ya gaya wa na bayansa kada su zo. Su ma malamai da sauran ma'aikata akwai nasu. Kada ranar da malamin lissafi bai zo ba a ce da shi ya je ya riƙe aji, kada a mai da shi ɗan aike ko mai gadin jarrabawa. A ba shi jadawalinsa a rubuce tun makon farko, a nuna masa wanda zai kai wa kuka.

Abin da nake roƙo a wurin Ƙungiyar Iyaye da Malamai bai da yawa. A sa wannan magana cikin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa. In an amince, shugaban makaranta ya rubuta wa Ma'aikatar Ilmi neman izni, malaminmu na Faransanci kuma ya rubuta wa ɗaya daga cikin jami'o'in nan da harshen da suke aiki da shi. A fara da mutum ɗaya, zango ɗaya, da 'yan ajin da za su zauna jarrabawar baka. Akwai ɗaki a rukunin gidajen malamai wanda ba kowa a ciki sai karyayyun kujeru. Mu 'yan ƙungiyar Faransanci mun yi shawara a tsakaninmu, in an ba mu mabuɗi za mu kwashe su, mu share, mu yi masa farar ƙasa kafin a dawo hutu.